Karatu a jami'ar Yamai ba mota ba babur: matakan da za ka bi

Duk shekara, da an fito da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, wayata ba ta hutawa. Ƙanne daga Tawa, ƴaƴan abokan Baba daga Madawa da Ƙonni, wani lokaci iyayen ne da kansu: "Yaron nan zai zo Yamai, ba shi da ko keke, ya za a yi da zirga-zirga?" Na gaji da maimaita magana ɗaya kati na ƙonewa, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya.

Abin da ya kamata ka fara sa wa a ranka shi ne gulbi. Jami'ar Abdu Mumuni tana ƙetaren kogin Isa (kogin Kwara), a ɓangaren da ake kira Harobanda, wato "bayan ruwa" da Zabarmanci. Kasuwanni, ma'aikatu, tashoshin mota da gidajen yawancin danginka kuwa galibi suna ɗaya ɓangaren. Kowace ƙetarawa kuɗi ce da lokaci, don haka duk matakan da ke ƙasa dabarun rage ƙetarawar ne.

1. San ƙofar da za ka riƙa shiga

Jami'ar ba gini ɗaya ba ce. Sashen kimiyya, na noma, na adabi, na shari'a, na tattalin arziki da makarantar horon malamai a warwatse suke, sashen likitanci kuma yana wajen asibitin Lamorde. Kafin ka yi maganar ɗaki da kowa, je ka da ƙafarka ka ga inda ajinka yake, ka duba agogo daga bakin titi zuwa ƙofar aji. Wanda ya ce maka "ɗakin kusa da jami'a yake", tambaye shi kusa da wane sashe.

In likitanci za ka karanta, lissafinka daban ne. Daga baya za a riƙa tura ka koyon aiki asibitocin da ke ɗaya ɓangaren, irin babban asibitin ƙasa da gidan haihuwa na Isaka Gazobi, don haka kar ka ɗaure kanka da hayar shekaru a wuri ɗaya.

2. Wurin kwana

Nan ne maganar take. Wanda ya gyara wannan mataki ya gama rabin aikin, wanda ya ɓata shi kuwa zai yi ta biya kowace safiya har ya gama karatu. Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko ɗakunan kwanan ɗalibai na cikin jami'a, wato site, da ke hannun hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, CROU. Babu abin da ya kai shi sauƙi: aji da ƙafa, resto (wurin cin abincin ɗalibai) da ƙafa, masallaci da ƙafa. Matsalar ita ce masu nema sun fi gadajen yawa nesa ba kusa ba. Ka ajiye takardunka da zarar an buɗe karɓa, kuma ka nemi ƙungiyar ɗaliban yankinku tun ranar da ka sauka. Su suka san ranar da ake liƙa sunaye, su ne kuma za su sama maka inda za ka shimfiɗa tabarma kafin abu ya daidaita.

Ta biyu haya a Harobanda: Lamorde, Karaje, Nogare, Gaweye, Kirkisoy, Banga Bana. Mu uku muka haɗu muka kama ɗaki guda, irin wanda ake ce wa antire-kushe, kowa na ba da jika biyar, wato sefa 5,000, a wata, ban da kuɗin wuta da ruwa. Yanzu haya ta tashi, amma tsarin bai sake ba: mai gida zai nemi kuɗin wata biyu ko uku a gaba, dillali ma zai karɓi nasa. Kar ka ba dillali ko dala sai ka ga ɗakin da idonka, ka ga mai gidan, ka tambaya ko mitar wuta ta gidan duka ce da yadda ake raba kuɗinta. Rigimar takardar NIGELEC, kamfanin wuta, ta raba maƙwabta da yawa.

Hattara a nan: wasu unguwannin wannan ɓangaren kwari ne. A watan Satumba na 2020 ruwa ya fasa madatsar da ke wajen Lamorde, ya shiga gidaje a unguwannin bakin gulbi, mutane suka koma kwana a makarantu. Ɗakin da ka gani fes a watan Nuwamba ba lallai ya zama haka a Agusta ba. Duba gindin bango. In ka ga layi mai duhu ya zagaye shi daidai gwiwa, ko an yi sabon yaɓe daga ƙasa zuwa rabi an bar sama, ruwa ya taɓa kwana a ɗakin. Kar ka tambayi mai gida, tambayi mai shagon kusurwa ko mai shayi. Ɗakin da kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na maƙwabtansa ba banza ba, araha ba ta ado.

Ta uku gidan dangi, kuma ita iyaye suka fi so, musamman ga ƴa mace. "Ga kawunka a Talaje, me za ka yi da haya?" Ban ce a ƙi ba, amma a yi lissafi tukuna. Daga unguwa mai nisa irin Talaje, Ayeropor ko Kwara Tegi, da wuya mota ɗaya ta kai ka jami'a. Mu ɗauka kwas ɗin taksi, wato kuɗin ɗauka ɗaya, sefa 300 ne, kuma biyu kake biya zuwa, biyu dawowa. Sefa 1,200 ke nan a yini. In ka je kwana 24 a wata, ka kashe 28,800, kuɗin da ya ninka rabonka na haya sau da yawa. Kwanan kyauta ne, abincin ma kyauta, amma hanya ta cinye ribar.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Shekarata ta farko gidan kawu na zauna, mutumin kirki, Allah ya saka masa. Sai dai wanda ke zaune gidan mutane ɗan aike ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Wata safiya muna da jarrabawa ƙarfe takwas, na saɓa jaka ke nan Inna ta leƙo daga madafa: "Ɗan nan, don Allah biya ka sauke su Hadiza lakkwal, hanyarka ce." Ba hanyata ba ce, amma wa zai ce a'a? Ƙarfe bakwai da rabi ta same ni a bakin gadar Kennedy cikin taksi, wata babbar mota ta mutu a tsakiya, raƙuma biyu ɗauke da zana suna tafe a gefe hankalinsu kwance. Na biya na sauka na ruga a ƙasa, takalmi ɗaya ya tsinke. Takwas da minti arba'in na isa, an rufe ƙofa, ana ta rubutu. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne da ban faɗa wa mutanen gida jadawalina ba. In gidan dangi za ka zauna, rubuta ranakun karatunka ka ba kawu da hannunka tun makon farko, cikin ladabi. Sannan ka sami aboki a Harobanda da za ka riƙa kwana wurinsa daren jarrabawa.

3. Katin ɗalibi da bas ɗin jami'a

In dai a ɗaya ɓangaren ka sauka, bas ɗin ɗalibai shi ne gatanka, kuɗinsa ba a haɗa shi da na taksi. Gama rajista da wuri ka karɓi katinka, don da shi ake shiga harkar bas da ta resto. Daga nan ka tambayi tsofaffin ɗaliban unguwarku inda yake tsayawa da lokacin da yake wucewa. Ba allo za ka gani ba, wani lokaci gindin bishiya ne ko gaban wani kanti, sai wanda ya sani.

Na farkon safiya shi ne abin dogara. Ka yi sallar asuba da jakarka a kusa, ka fita. Wanda ya ce bari ya jira na biyu, sau da yawa zai ga ya wuce cike maƙil, mutane har bakin ƙofa. A layi a bi tsari, kar ka nuna ƙarfi, kuma in an ce maka "kamarad, matsa ciki", matsawa ake yi. Jaka a gaba, waya a aljihun gaba.

Kullum ka riƙe kuɗin taksi na dawowa a wani aljihu daban, wanda ba ka taɓawa ko yunwa ta dame ka. Ranar yajin aiki, ranar babban taron ɗalibai, ko ranar da malami ya ja darasi har bayan magariba, wannan kuɗin ne zai mai da kai gida.

4. Taksi da faba-faba

Ɗan Maraɗi ko Damagaram ya saba ya ɗaga hannu kabu-kabu ko adaidaita ta kai shi ƙofar gida. Yamai garin taksi ne, farar mota mai jan kai, kuma ta haɗin gwiwa ce, ba taka kai kaɗai ba.

Ga yadda ake yi. Tsaya a hannun da motocin ke nufar inda za ka. In taksi ya rage gudu, sunkuya ta taga ka yi sallama ka faɗi wurin: "Harobanda, jami'a." In direba ya ja motarsa bai ce uffan ba, ba wulaƙanci ba ne, hanyarsa ce ba ta bi can ba. In ya ɗaga kai ko ya ce shigo, to kwas ɗaya ne. An daɗe ana biyan sefa 200 a kwas, yanzu da yawa 300 suke nema, in da nisa kuma sai ya ce kwas biyu. A gama wannan magana kana tsaye a waje. Kuskuren baƙo shi ne ya shige ya zauna, sai an isa a fara musu.

Kuskure na biyu canji. Kar ka miƙa jika biyar ko jika goma a ƙarshen tafiya. Faɗa tun a taga: "Jika biyu gare ni, akwai canji?" Mafi kyau ka riƙa tara silalla, duk abin da mai shago ya maido maka da dare ka ware na mota.

Kusan duk direbobin suna jin Hausa, amma ɗan Zabarmanci kaɗan yana sa a daina yi maka kallon baƙo. Lissafinsu irin namu ne, da dala ake ƙirgawa: waranka dala ashirin, wato sefa 100, waytaci dala arba'in, waygu dala hamsin, zangu dala ɗari. "Marje no?" shi ne nawa ne. "Ay ga zumbu ne", zan sauka nan. "Fofo" kuwa gaisuwa ce, godiya ce, ba ta ƙarewa a baki.

Dabarar da ta fi rage mini kuɗi ita ce raba tafiya gida biyu. Faba-faba, ƙananan bas ɗin nan masu yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran unguwa, sun fi taksi sauƙi, kuma suna haɗa unguwannin gefe da tsakiyar gari, wajen babbar kasuwa da kasuwar Katako. Ka shiga faba-faba zuwa tsakiyar gari, daga nan ka ɗauki taksi kwas ɗaya, ko ka taka. Aibinsu ba sa tashi sai sun cika, kuma ko'ina tsayawa suke, don haka ba motar mai sauri ba ce. Ranar da kake da lokaci ka shiga, ranar jarrabawa ka bar su.

Gada uku ce a garin. Ta Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita ce ta tsakiya, ita ta fi kusa da jami'a, ita ce kuma ta fi cunkoso don hannu biyu kawai gare ta. Ta biyu, wadda Sin ta gina aka buɗe a 2011, tana ƙasa ta wajen Gamkalle. Ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce, ta 2021, tana sama ta wajen Gudel. In daga Yantala ko Gudel ka fito, tambayi direba ta wace zai bi kafin ka shiga.

5. Ƙafa da keke

Gadar Kennedy ta ɗan haura mita 700, akwai wurin masu ƙafa a gefe. Minti goma ne ga mai tafiya a natse. Da safe, lokacin da motoci suka tsaya cak, mai ƙafa yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, yana kallon masu wanki a ƙasa da jiragen ruwa da ke sauke kabewa a bakin gaɓa. Ni dai ban taɓa gajiya da wannan ba. Amma a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kar ka ƙetare ta da ƙafa tsakanin sha biyu da la'asar, babu inuwa ko ta tsuntsu a kanta. Gorar ruwa a jaka, hula a kai. Lokacin hunturu kuma rawani ko ƙyallen rufe hanci, saboda ƙura.

A ganina keke shi ne abin hawan ɗalibi na gaskiya, sai dai girman kai ya hana da yawa hawansa. Yamai ba ta da tuddai masu wahala, in ka cire hawan da ke fitowa daga bakin gulbi zuwa cikin gari. Kuɗin taksin wata biyu na mai zama nesa ya isa ya sayi na hannu mai kyau. In za ka saya:

Je ka da wanda ya san keke, zai fi kyau mai gyara ne daga unguwarku, ka ba shi na goro. Wajen Katako ana samun na hannu. Ɗaga keken ka juya kowace ƙafa ka ga ko tana rawa. Duba mahaɗar ƙarfen jiki, in akwai walda a wuyansa ka bar shi komai arharsa. Matsa birki biyun, hau ka zagaya. Taya da tib ba abin damuwa ba ne, ana sakewa. Karɓi takardar saye mai sunan mai sayarwa, ko da rubutun hannu ce, don keken sata yana yawo a kasuwa, ranar da mai shi ya gan ka a kai takardar ce za ta fid da kai.

Daga kasuwa kar ka wuce gida sai da sarƙa da kwaɗo, da fitila, da famfo ƙarami. Ɗan makullin da ke zuwa manne da ƙafar baya ba ya hana komai, ɗauke keken ake yi gaba ɗaya. Ɗaure shi da ƙarfe ko bishiya, a inda mai gadi ke gani. Ƙayar aduwa da tsaidau suna cin taya a hanyoyin yashi, ka san mai faci ɗaya a kowane bakin gada. Juma'a da yamma ka duba iska da sarƙa, ba a fafe gora ranar tafiya.

6. In an ce za a saya maka babur

Kar ka yi murna tukuna, ka tambaya har da takardu ko babu. Kuɗin Kasea ko Haojue daban, na takardar kwastan, katin mallaka, lamba, inshora, binyat (takardar harajin abin hawa) da lasin tuƙi daban. Babur marar takarda a Yamai rabin lokacinsa a hannun ƴan sanda yake ƙarewa, kuma bakin gada wuri ne da ake yawan tsayarwa. Hular kwano dole ce. Mai kuma, ko da aka sauke litar fetur zuwa sefa 499 a 2024, kullum sai ka zuba, ga juyen baƙin mai, ga abokai masu "ara mini minti biyar". Wanda ya ari babur ya buge mutum, sunanka ne a takarda.

Ke kuma ƙanwata, in za a goya ki a babur, na ɗan'uwa ne ko kabu-kabu, tattara hijabinki da bakin zane ki danne a cinya kafin a tashi. Dogon hijabi yana shiga cikin wayoyin ƙafar baya, kuma in ya shiga wuya yake ja.

7. Tsara yini: ƙetarawa ɗaya

Fita ɗaya, dawowa ɗaya. In kana da darasi da safe da wani da la'asar, kar ka koma gida cin abinci. Sayi tikitin resto na mako gaba ɗaya ranar da kuɗi suka shigo, tun ba su narke ba. In layi ya yi tsawo, ga masu dambu da kopto (kwaɗon ganye), ga shinkafa da wake a bakin titi. Tsakanin darussa ka zauna ɗakin karatu ko masallaci, nan za ka yi cajin waya ma.

Abin da ke buƙatar shiga gari, tara shi rana ɗaya: karɓar kuɗi, sayen littafi, gaishe da kawu, ɗinki. Kuɗin da ake aiko maka daga gida ta kamfanonin aika kuɗi, Nita ko Amana, ba sai ka shiga gari ba, akwai rassansu a Harobanda. Da ka karɓa, cire na mota na wata ka ƙulle daban. Kuma kar ka gina lissafin hanyarka a kan kuɗin tallafin karatu, ka ɗauke shi kamar ruwan sama, in ya zo alhamdu lillahi.

Akwai ranakun da hanya ke sake hali. Ranar 9 ga Fabrairu ɗalibai kan yi juyayin ƴan'uwansu da aka kashe a gadar Kennedy a 1990, ka sa ran hanyar ba za ta biyu kamar kullum ba. Juma'a daga sha biyu ana tare tituna kusa da masallatai. Da azumi, awa ɗaya kafin shan ruwa kowa sauri yake, taksi ba ya tsayawa, masu babur ba sa ganin gabansu; ko ka tashi tun la'asar ko ka sha ruwa a jami'a ka tafi bayan magariba. Da damina, in hadari ya haɗu ta gabas, tashi ka kama hanya ko ka haƙura ka zauna har ya wuce, don in an yi ruwa mai ƙarfi taksi ba ya shiga unguwannin da ba kwalta.

8. Dare, da ranar tafiya gida

Bayan isha taksi yana raguwa, kuɗinsa kuma yana hawa. Ka riƙe lambar direba ɗaya ko biyu da ka saba da su, wanda in zazzaɓi ya kama abokin ɗakinka ƙarfe biyun dare zai ɗaga waya. Ɗalibai mata su riƙa fita bibbiyu ko uku-uku in darasi ya kai dare, kuma kafin a shiga a dubi lambar da ke rubuce a ƙofar taksin a tura wa wani a gida. Gada da ƙafa bayan sha ɗayan dare, kai kaɗai da waya a hannu, kar ka fara.

In hutu ya zo, motocin Rimbo, STM, Al Izza, Sonef da sauransu da ke bin hanyar Doso, Dogon Dutse da Ƙonni yawanci da asuba suke tashi, tashoshinsu kuma suna ɗaya ɓangaren. Sayi tikiti kwana biyu kafin ranar, musamman gab da salla. Kar ka ce za ka sami taksi ƙarfe uku na dare a Karaje. Kai kayanka tasha tun da yamma a auna a rubuta, ka kwana can a kan tabarma tare da sauran matafiya, da katin ɗan ƙasa a aljihu don shingayen hanya. Keken kuma kar ka bar shi ɗaure a waje wata biyu: shigar da shi ɗaki, sace iskar tayoyin kaɗan, ka bar makullin wurin maƙwabcin da ba ya tafiya.